Amsa ga ɗan'uwana na Bauchi: keke, matanmu da Hausancinmu a Tamale

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ina fatan kana lafiya, da Goggo da mai ɗakinka da yara.

Saƙonka ya iso, kuma tambaya biyu na gani a cikinsa. Ta farko a fili ka yi ta: tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep daga Yelwa zuwa cikin gari yana cinye maka albashi, kana son sayen keke, wane iri za ka saya, kuma yaya za ka riƙe shi. Ta biyu ka lulluɓe ta da wasa. Ka ga hoton 'yata a kan keke da hijabinta za ta Islamiyya, ka ce anya mu Hausawa ne har yanzu, ko mun narke cikin mutanen Gana. Da ta biyun zan fara, don ita ce ta tsaya mini a rai.

Kakanmu ɗaya da kai. Ya bar Bauchi ya bi fatake ta hanyar Gonja neman goro. Ko da ya iso, Salaga, babbar kasuwar goro, ta riga ta yi sanyi tun bayan basasar 1892, Turawa kuma sun mai da Tamale mazaunin mulkinsu na arewa tun 1907, sai ya sauke kayansa a nan. A nan aka haifi Baba, a nan aka haifi Baffa, mahaifinka. Abin da ya raba gidan biyu shi ne dokar gwamnatin Busia ta watan Nuwambar 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga ƙasar. Baffa ya shiga motar kaya ya nufi Nijeriya. Baba kuwa Inna tana da tsohon ciki, ya rasa yadda zai yi. Yayan Inna ne, mutumin Dagomba, ya zo da dare ya goya shi a kariyar Raleigh ɗinsa zuwa ƙauyensu wajen Savelugu, ya zaunar da shi cikin iyalinsa har ƙura ta lafa. Inna ta ce a daren sai da suka tsaya suka cusa busasshiyar ciyawa cikin tayar baya, don tsidau ya huda tib ɗin, ba kuwa mai faci a wannan dajin. Har Baba ya rasu, idan ya ga Kawu yana tafe sai ya miƙe tsaye.

To waɗannan su ne mutanen da wasunku ke cewa mun auri “ƙabila”. Na ji kalmar da kunnena a Bauchi, a wajen wani biki, aka faɗe ta a kan uwata ana zaton ban ji ba. Dagomba musulmi ne tun kusan shekara ɗari uku da suka wuce, tun zamanin sarkinsu Naa Zanjina. Bikinsu mafi girma, Damba, a watan Mauludi ake yin sa. Matata ma 'yarsu ce, kuma ita ke tashin gidan nan sallar asuba, ita ke biya wa yara allo kafin su karya. Kai kuma da kake Bauchi, ka waiwaya ka dubi garinku. Malam Yakubu da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa garin, shi kansa Bageri ne, wato ɗan ƙabilar Gerawa. Mahaifin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ma Bageri ne. Ka tsaya a ƙofar kasuwar Wunti ka tambayi mutum goma asalinsu, za ka ji Jarawa, Fulani, Bolawa, Warjawa, Zulawa, duk suna ciniki da Hausa, kuma ba wanda ya ce su nuna takardar shaida. Auratayyar da ta gina Bauchi ita muka yi a nan. Me ya sa taku ta zama tarihi abin alfahari, tamu ta zama ɓata?

Harshe kam ya sauya, ban musa ba. 'Ya'yana sai su ce Inna ya tafi kasuwa, ba ruwansu da bambance mace da namiji a magana, haka Hausar zango take daga Kumasi har Akara. Ni na yi sa'a Baba ya tura ni karatun allo wajen Baffa a Jahun, lokacin kana goye, shi ya sa nake rubuta maka haka. Amma da wannan Hausar tasu suke durƙusawa su gai da babba, da ita ake ɗaura aure a zango, da ita ake fassara wa'azi. Babban limamin ƙasar nan, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, ɗan zango ne, shugabannin ƙasa kuma har gida suke zuwa gaishe shi. Koko da ƙosan da duk Gana ke karyawa da su da sunan Hausawa aka san su. Tuwon zafi, fura, shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi, duk sun shiga tukunyar kowa.

Sai maganar mace a kan keke. A Tamale ba wanda zai ɗaga kai ya duba. Manyan titunan garin suna da layin masu keke a gefe, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu irin naku. Tsohuwa da buhun masara za ta niƙa, malamar makaranta da littattafai a kwando, mai koko da bokitinta ɗaure a kariya za ta kasuwar Aboabo, kowa na sabgar gabansa. 'Yata tana sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta tattare bakin hijabin ta zauna a kansa, ta tafi ta dawo a kan lokaci. Ka gaya mini tsakani da Allah, wanne ya fi sutura: yarinya ita kaɗai a kan kekenta, ko yarinya a bayan ɗan acaɓan da ba ka san daga inda ya fito ba? Ban ce ka ɗora mai ɗakinka a keke ta bi ta Ƙofar Ran ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da nake roƙo kawai, kada ka auna mutuncin 'yata da abin da idonka ya saba gani.

Yanzu kekenka.

Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Sabbin kekunan nan masu arha, masu giya barkatai da sifirin gaba da baya, ba sa jure aikin kullum, kayan gyaransu kuma wahalar samu. Ko dai ka sayi baƙin keke mai birkin ƙarfe irin Phoenix, wanda kowane mai faci ya san cikinsa, ko na hannu irin na Japan mai kwando da madigadi da murfin kaca. Ni na Japan nake hawa. Tun da akwai 'yan hawa a hanyarka, idan ka samu mai giya uku a cikin cibiyar ƙafar baya, ka ɗauka, ƙura ba ta shiga cikinta. Kafin ka biya, ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, ka yi haka da ta baya. Idan tana lilo tana shafar birki, rim ya karkace. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci. Ka duba inda aka haɗa ƙarafan jikin keken, musamman ƙarƙashin wuya. Idan ka ga sabon fenti a wuri ɗaya tak, walda aka rufe, ka bar shi komai sauƙin kuɗinsa.

Sirdi shi ne abin da mutanenmu suka fi yi wa sakaci. Sai ka ga ƙato ya sauke shi ƙasa, gwiwa na kusan taɓa ƙirji, bayan wata guda ya ce keke na kawo ciwon gwiwa. Hau, ka ɗora dundunniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe daidai, tsayin ya yi. Da gaban tafin ƙafa kuma ake tuƙi.

Iska kuwa, ka sayi famfonka, kada ka dogara da na bakin titi. Kowace safiya ka danna taya da babban yatsa. Taya mai laushi ita ke gajiyar da mutum, kuma da ta daki bakin rami sai rim ya tsinke tib wuri biyu. A jikin tayar an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. A watan Maris da Afrilu kada ka kafe keke a tsakiyar rana a bakin ofis, zafi na ɗaga tsohon faci, ya kuma busar da roba.

Faci ba abin kai wa wani ba ne. Ka zare tib, ka ɗan ba shi iska, ka tsoma a kwanon ruwa kana juyawa har ka ga inda kumfa ke tasowa. Goge wurin ya bushe, ka kankare shi da sanfefa, ka shafa salushan kaɗan. A nan gaggawa ke ɓata aiki: sai salushan ya sha iska ya daina ƙyalli sannan za ka manna facin ka danne. Kafin ka mai da tib, zagaya cikin tayar da yatsa a hankali. Ƙayar da ta yi ɓarnar galibi tana nan a maƙale, idan ba ka cire ta ba, ba za ka kai Gidan Mai ba sai ta sake huda.

Kaca ita ce ran keke, hunturu kuma shi ne maƙiyinta. Kada ka yarda a zuba mata baƙin mai na mota. Yana kama ƙura ya zama taɓo mai yashi, ya ci kaca ya ci haƙoran da take bi. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan ka goge na sama da tsumma har ta zama kamar ba a sa komai ba. Da damina, duk ranar da ruwa ya dake ka, ka goge ka sake ɗigawa kafin tsatsa ta kama. Kada mai ya taɓa rim ko robar birki. Ranar da za ka canza feda kuma, ka tuna ta hagu a juye ake kwance ta. Na ga ƙarti sun lalata zaren ƙarfen don ba su san haka ba.

A gidana safiyar Asabar ta kekuna ce. A fito da su tsakar gida a kife su, kowa da tsummansa. Babban yana duba noti da birki, 'yar tana wanke kaca, ƙaramin aikinsa famfo, uwarsu na soya ƙosai tana faɗan kada a ɗiga mata kananzir kusa da murhu. Doka ɗaya na kafa: wanda ya hau ya dawo da matsala ya yi shiru, mako guda ba shi ba keke. Ba a kan lalacewar nake hukunci ba, a kan ɓoyewar. A wannan zaman ne nake jin abin da ke faruwa a makarantarsu, don yaro ya fi sakin baki idan hannunsa na aiki.

Abu guda zan ja kunnenka a kai da ƙarfi, goyon yara. Ƙafar yaro na shiga cikin wayoyin ƙafar baya cikin ƙiftawar ido, ta sale dundunniya har ƙashi. Kafin ka ɗora ɗanka, ka sa a yi maka matakin ƙafa da garkuwa gefe biyu, ko da ta roba ce, ka kuma sa masa takalmi mai rufi. Kai ma ka naɗe ƙafar wandonka ta dama, babbar riga kuwa a ninke ta a kwando sai an isa masallaci. Ka bi hannun dama tare da motoci, kada ka fuskance su. Kada ka shiga gefen tirela a shataletale, direban ba ya ganinka. Fitila fara a gaba, ja a baya, idan za ka dawo bayan magariba. Hular kwano ma ka saya, kanka ya fi surutun mutane daraja.

Na san kuma abin da ba ka rubuta ba. Kunyar abokan aiki kake ji, kada a ce ma'aikaci guda ya koma keke. Tambayi Goggo ta gaya maka. A zamanin da kamfanin Raleigh ke haɗa kekuna a Kano, malamin makaranta ko ma'aikacin En'e idan ya sayi sabo, har gida ake zuwa yi masa barka, ya naɗe shi da ledoji masu launi, ya sa madubi biyu. Baffa da kansa a keke ya yi ta kai ni makarantar dare. Abin da kake kashewa a abin hawa cikin 'yan watanni zai biya kuɗin keken, saura ya shiga cefane.

Ƙorafina na ƙarshe kuwa, mu ne kullum masu zuwa. Suna, aure, rasuwa, sai mu keto Togo da Binin mu iso Bauchi. Da Baba ya rasu, waya kawai aka bugo. Ba ka bukatar biza, fasfon ECOWAS ya isa. Ka zo da Goggo tun tana da sauran ƙarfi, ta ga kabarin surukinta da ɗakin da aka haifi mijinta, yana nan ba mu rushe ba. Kafin nan, idan ka je kasuwa ka ɗauko mini hoton keken ta gefen kaca kafin ka ba da kuɗi. Ka gai da kowa da kowa.