Kamfanonin jirage sun yi yawa, me ya hana tikiti sauka?

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Assalamu alaikum. Mu a kasuwa in masu sayar da kaya iri ɗaya suka yi yawa, farashi sauka yake yi. Ga Air Peace, ga Max Air, ga Rano Air, ga ValueJet da sauransu, amma tikitin Kano zuwa Legas kullum hawa yake. Ko haɗa baki suke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zargin naka yana da tushe. A watan Fabrairun 2022 kamfanonin sun ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa naira 50,000 kusan a lokaci guda, har sai da FCCPC, hukumar da ke kula da gasar kasuwanci, ta sa baki. Sai dai ko ba a haɗa baki ba, lissafin harkar ba zai bar farashi ya sauka ba, domin da naira kamfani yake sayar da tikiti, amma yawancin abin da yake kashewa da dala ne.

Mu fara da man jirgi, wato Jet A1, wanda ke cin kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin da kamfani ke kashewa. A watan Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jirage, AON, ta yi barazanar dakatar da tashi, tana cewa lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Daga baya ma ta haura 1,000. A Kano da Maiduguri man ya fi Legas tsada, saboda da tanka ake kawo shi. Matatar Dangote ta fara fitar da man jirgi a 2024, ƙarancinsa ya ragu, amma farashin yana bin kasuwar duniya ne.

Sai kuɗin hayar jirgi, da inshora, da kayan gyara tun daga taya da birki har inji, duk da dala. Matuƙa kuma dole su koma na'urar gwajin tuƙi duk wata shida, yawanci a ƙasar waje. Akwai kuma babban gyaran da ake kira C-check, wanda ake yi kusan duk wata 18, a kwance jirgi a duba shi ciki da waje. Kamfanin jirage na Aero Contractors na yin wannan gyara a Legas ga tsofaffin Boeing 737, amma jirage da yawa sai an fita da su. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, sai kuɗin gyara ya ninka fiye da sau uku a naira. Jirage suka tafi gyara suka maƙale, don babu dalar da za a fanso su.

Saboda haka kada ka ƙirga kamfanoni, ƙirga kujerun da ke tashi a rana. Kamfani kan iya cewa yana da jirgi goma, alhali huɗu ne ke aiki. Ba kuma duk jirgi ne ɗaya ba: Embraer 145 irin na Rano Air mutum 50 yake ɗauka, Boeing 737 kuwa ya haura 120. Ga kashi 5 cikin 100 na kowane tikiti da NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama, ke karɓa, ban da kuɗaɗen FAAN mai kula da filaye da na NAMA mai kula da sararin sama.

Inda gasa ke aiki sosai shi ne tsakanin Legas da Abuja, inda kowa ke rububi. A garin da kamfani ɗaya ko biyu ke zuwa, abin da suka yanka shi za a biya. Kujerun jirgi ɗaya ma farashinsu hawa-hawa ne, masu arha su ake fara sayarwa. Sayi tikiti da mako biyu ko uku, ka zaɓi Talata ko Laraba, ka guji Juma'a da Lahadi da jajiberin Salla.

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar jinya a Yola: An ce jirginmu zai tashi ƙarfe biyu, muka zauna har magariba, sannan aka ce an soke. Ba wanda ya ba mu ko ruwa. Me ke jawo haka, kuma mene ne haƙƙina?

Amsa: Hajiya, sannu da wannan wahala. Jirgi ɗaya kan yi zango biyar ko shida a rana. In ya makara da awa ɗaya da safe a Legas, makarar za ta bi shi har yamma, kuma yawancin kamfanoni ba su da jirgin ko-ta-kwana. Filaye da dama kuma ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, don babu fitilun titin jirgi masu aiki ko ma'aikatan dare, shi ya sa zangon ƙarshe ne ake yawan sokewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga hazo: in tazarar da ake iya hangowa ta gaza abin da aka ƙayyade wa filin, matuƙi ba shi da ikon sauka. Tsuntsu ma in ya faɗa inji, jirgi ba zai tashi ba sai injiniya ya duba ya sa hannu.

Kashi na 19 na dokokin NCAA ya tanadi cewa bayan awa biyu na jinkiri a ba ki abin sha da ɗan abin taɓawa. Bayan awa uku kina iya cewa a mayar miki da kuɗinki. In dare ya yi, tsakanin ƙarfe goma da huɗu na asuba, a ba ki masauki da motar zuwa. Wanda ya biya da tsabar kuɗi nan take ake mayar masa, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14. Akwai kuma diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti, amma ba a biyanta in yanayi ne ya jawo. Ki adana tikitinki da saƙon sokewar, ki kai ƙara teburin kare haƙƙin fasinja na NCAA a filin jirgin kafin ki fita. Nan gaba kuma ki riƙa ɗaukar jirgin safe.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya: Ina Kabo da Chanchangi da IRS da Okada? Me ya sa kamfanoninmu ba sa daɗewa? Ba gara gwamnati ta kafa nata ba?

Amsa: Malam, gwamnati ta taɓa yi. Nigeria Airways ya durƙushe a 2003 da bashi a wuyansa. Nigeria Air da aka ƙaddamar da sunansa a 2018 bai taɓa ɗaukar fasinja ba, kuma a 2024 kotu ta soke yarjejeniyarsa da Ethiopian Airlines. A ganinmu sabon kamfanin gwamnati zai tarar da man nan da dalar nan ne, ba abin da zai canza.

Wasu kamfanonin sun yi mummunan haɗari kafin su durƙushe: Bellview da Sosoliso a 2005, sai ADC a 2006, haɗarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa. Bayan nan ne aka tilasta wa mai jigilar cikin gida ya mallaki jarin naira miliyan 500 a 2007. Amma abin da ya fi kashe su bashi ne: a sayi tsohon jirgi mai shan mai da rancen banki mai gajeren wa'adi da ruwa mai yawa, lokacin babban gyara ya zo babu kuɗi. Arik, wanda ya fi kowa girma a lokacinsa, hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna da suka maƙale ce ta karɓe shi a 2017 saboda bashi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne haya. Masu ba da hayar jirage a duniya sun daɗe suna gudun Najeriya, domin in kamfani ya kasa biya sai ya garzaya kotu a hana su ɗauke jirginsu. Wannan ya tura kamfanoninmu ga haya mai tsada, wadda jirgi ke zuwa da matuƙansa da injiniyoyinsa, a biya kowace awar tashi da dala. A watan Satumban 2024 aka sa hannu kan ƙa'idar da kotuna za su bi wajen aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ta sauƙaƙa wa mai jirgi karɓar kayansa. Makin Najeriya a ma'aunin masu ba da haya ya tashi daga 49 zuwa 70.5, daga baya ya kai 75.5. In kamfanoni suka samu hayar jirgi zalla ta shekaru, su zuba matuƙan gida da ake biya da naira, kujeru za su ƙaru, kuma a nan ne farashi zai iya motsawa.