Ko AirTag zai nemo min jirgina idan ya faɗi a daji?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko liƙa AirTag a jikin jirginka mara matuƙi na ɗaukar hoto (drone) zai sa ka same shi in ya ɓace. Zai taimaka, ni ma shi ya dawo min da nawa, amma sai ka san yadda yake aiki, don da yawa suna zaton akwai GPS a cikinsa. Babu. Ɗan abu ne mai nauyin giram 11 da Apple ta fitar a 2021, da ƙaramin batir CR2032 mai kai kusan shekara. Bulutut yake watsawa. Duk iPhone ɗin da ta gifta kusa da shi ita ce za ta kai maka labarin inda yake. A cikin Kano ko Abuja wannan ba matsala. A ƙauye kuwa, inda Tecno da Itel ne a aljihun yawancin mutane, sai ya kwana uku bai ce uffan ba.

Nawa ya ɓace ne da damina, ina ɗaukar wa wani bawan Allah hoton gonarsa. Na ga hadari ya haɗo daga gabas, na ce bari in ƙarasa. Iska ta fi ƙarfin jirgin a hanyar dawowa, batir ya yi ƙasa, ya sauka can cikin dawar da ta fi ni tsayi. Da na buɗe Find My, manhajar iPhone da ake neman AirTag da ita, inda muka ajiye mota yake nuna min, wato wurin ƙarshe da wayata ta ji shi. Gabana ya faɗi ƙwarai, don da jirgin nan nake ciyar da gida.

Manhajar jirgin ce ta fara ceto na. Tana ajiye wurin da GPS ɗinsa ya nuna kafin sadarwa ta yanke. Can muka nufa, ba mu gan shi ba, iska ta ƙara jan sa gaba. Batirinsa kuma ya mutu, ba fitila ba ƙara. A nan AirTag ya yi ranarsa, tunda batirinsa daban ne. Na riƙa bin kunya-kunya a hankali, waya a hannu, ina tsayawa ina jira. Wajen la'asar sakaliya wayata ta haɗu da shi. Na roƙi yaran da ke taya ni nema su yi shiru, na danna ya yi ƙara, muka jiyo ta siririya daga hagu. Da muka matsa sai kibiya ta fito a allo tana nuna min gefen da zan bi (iPhone 11 zuwa sama ke yin wannan, ban da irin su SE). Muka tarar da shi maƙale a karan dawa, farfela ɗaya ce ta karye.

Wajen liƙawa ka kula. Kada ka sa shi a jikin batir, shi ne ke fara ficewa in jirgi ya bugu da ƙasa. Kada ka rufe saman da eriyar GPS take, ko na'urorin da ke kallon ƙasa. Akwai maganaɗisu a sifikarsa, don haka ka nisanta shi da kamfas, ka kuma ɗaga jirgin kaɗan a fili ka ga ko yana tsayawa cak kafin ka tura shi nesa. In naka irin mai giram 249 ɗin nan ne, AirTag zai haurar da shi 250, iyakar da dokokin irin waɗannan jirage ke canzawa a Amurka da Turai. Nan gida ka duba ƙa'idar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya.

In Samsung ce wayarka, SmartTag za ka nema, shi ma da wayoyin Galaxy na kusa ya dogara. In kuma aikinka na daji ne sosai, na fi ba ka shawarar tiraka, wato na'urar bin sawu, mai GPS da layin waya, duk da ta fi nauyi kuma sai da sabis. Ka rubuta lambarka a jikin jirgin, sannan kafin ka shiga gonar mutum nema ka fara yi wa mai ita sallama.