Wanke busasshen dutse da asid kafin ya shiga tankin murjani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi busasshen dutse kilo 20 a hannun wani da ya tashi tankinsa na kiwon murjani da kifin teku. Tankina na baya gansakuka ce ta cinye shi saboda yawan fosfet, ina tsoron a maimaita. An ce in wanke dutsen da bilic da kuma asid, wani ma ya ce in haɗa su a bokiti ɗaya don aikin ya yi sauri. Da yara a gidan, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gara da hankalin naka bai kwanta ba. Shawara ta farko tana da tushe, ta biyun kuwa tana iya kai mutum asibiti, ko ma ta wuce nan.

Dutsen da ya daɗe a tankin wani kusan kullum yana ɗauke da fosfet, wato sinadarin da ke ciyar da gansakuka, domin fosfet na manne wa kalsiyam kabonet, sinadarin da dutsen ya ƙunsa, in ya shiga sabon ruwa kuma sai ya riƙa saki a hankali na tsawon watanni. Asid yana narkar da fatar dutsen ta waje ne, fosfet ɗin da ke jikinta ya tafi tare da ita. Aikinsa ke nan. Bai iya cin busasshen nama da matattun soson teku da ke cikin ramuka sosai, wannan aikin bilic ne. Don haka kafin ka sayi asid, jiƙa dutse biyu ko uku a ruwan gishirin da ka haɗa da tataccen ruwa, ka bar shi ya yi mako, ka auna. In fosfet bai wuce 0.1 ba a ma'aunin ppm (wato kashi cikin miliyan), bar asid, ba ka buƙatarsa. In kuma dutsen irin na kamfani ne da aka shafa wa launi, asid zai kankare launin ne kawai.

Yanzu ga maganar haɗawa. Kusan kullum sai an kawo min ita, kuma kullum daga bakin wanda ya ce ya yi bai ga komai ba. Bilic da asid in suka haɗu, iskar kulorin suke fitarwa. Ita ce iskar da aka yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, saboda haka ba ta tashi sama ta watse da wuri. Kwanciya take yi a bakin bokiti da ƙasan ɗaki, daidai inda fuskarka take in ka sunkuya dubawa, daidai kuma tsayin yaro mai rarrafe. Idan ta taɓa laimar ido da maƙogwaro da huhu sai ta zama asid a wurin. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, mutum na iya yin tari kaɗan ya ga kamar ya wuce, bayan sa'o'i huhu ya tara ruwa. Takunkumin yadi ko na takarda ba ya tare ta ko kaɗan. Mai asma kuwa ba a ma magana.

Kada kuma ka ce ai ba za ka haɗa su ba, ɗaya bayan ɗaya za ka yi, ka ɗauraye a tsakani. A nan ne masu hankali ma suke faɗawa. Wannan dutse kamar soso yake, ramuka ne har cikinsa, bilic na shiga ya zauna inda ruwan tiyo ba ya kaiwa. Ka ɗauraye yau, ka jefa shi a asid yau, asid ya buɗe ramukan, to ka haɗa su ɗin ne. Haka nan masu cewa ruwan kal ko asid ɗin lemon tsami ba su da ƙarfi don haka babu laifi: ƙarya ne, su ma suna sakin kulorin daga bilic. Ina mamakin masu ɗora bidiyon bokiti na kumfa ba safar hannu, ba tabarau, suna koya wa mutane a cikin banɗaki a rufe. Mai bidiyon ya tsira don iska ta taimake shi ranar, kai da ka kwaikwaye shi wa ya ba ka tabbaci? In har an riga an yi kuskuren, a bar bokitin inda yake, kowa ya fita zuwa sarari, wanda ke tari ko ƙirjinsa ya riƙe a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.

Ga yadda ake yi. Bilic tukuna, marar turare marar sabulu, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, kwana biyu zuwa mako gwargwadon dattin dutsen. Ka ɗauraye, ka jiƙa a ruwan da ka zuba wa maganin kashe kulorin da yawa, sannan ka shanya har ya bushe ƙayau. Bayan nan mayar da guda ɗaya cikin ruwa mai tsabta ya kwana, ka auna kulorin. Hanci ba ma'auni ba ne. Sai ka ga sifili za ka taɓa asid.

Asid ɗin da ake amfani da shi haidirokulorik ne, wanda ake sayarwa da sunan muriyatik, ƙarfinsa wajen kashi 31 cikin 100. Ba ruwan batir ba: wannan salfurik ne, yana barin farar ƙasa a jikin dutsen, tsohonsa kuma na ɗauke da dalma. Ba kuma maganin wanke masai ba, don an cakuɗa shi da sabulu da turare. A waje za ka yi, cikin babbar roba da ba za ka cika ta fiye da rabi ba, dutse da ruwa su fara shiga, sannan ka tsiyaya asid a hankali, kashi 1 ga kashi 10 na ruwa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Sa tabarau mai rufe ido duka da doguwar safar hannu ta roba, ka tsaya ta inda iska ke tahowa, yara da dabbobi suna cikin gida an kulle ƙofa. Kada ka rufe robar: lita ɗaya ta wannan asid tana cin kusan rabin kilo na dutse, tana kuma fitar da iskar kabon fiye da lita 100. Wannan lissafin ya isa ya nuna maka cewa ƙarin asid ƙarin asarar dutse ne, sirara masu rassa ma karyewa suke yi.

Minti 15 zuwa 30 ya wadatar, lokacin kumfa ta lafa. Barbaɗa bekin soda kaɗan-kaɗan har ya daina tsuwa kafin ka zubar da ruwan, ka ɗauraye dutsen sosai, wankan ƙarshe da tataccen ruwa. Sake gwajin fosfet na mako ɗaya. In da saura, canjin ruwa da garin tsatsar ƙarfe mai tsotse fosfet za su ƙarasa, ba sai ka sake asid ba. Dutsen da ya fito daga wannan wanka babu ƙwayar rai ko ɗaya a jikinsa, sai ka zuba masa bakteriya da amoniya ka jira har amoniya da naitirait, sinadarai masu guba ga kifi waɗanda bakteriyar ke cinyewa, su koma sifili kafin kifi ko murjani su shiga.