Tambayoyinku na wannan mako: ƙadandoniya, gyambo da ido

Damina ta kankama, tambayoyin ƙadandoniya ma sun yi yawa a akwatina, toh bari mu ɗauke su gaba ɗaya.

Likita wai ƙadandoniya tana cizo?

A'a, ba ta cizo ba ta harbi. Shanshani ne mai cizo da dafi. Ita nannaɗewa take yi ta saki wani ruwa mai wari daga ƙananan ramukan da ke gefen jikinta.

Yarona ya sa takalmin makaranta da safe, da ya dawo na ga yatsunsa biyu sun yi baƙi, na zazzage takalmin sai ga mushen ƙadandoniya. Ƙafar ruɓewa za ta yi?

Kwantar da hankalinki Maman yaro. Ruwan nan nata yana ɗauke da sinadarin benzoquinone, shi ke rina fata ta yi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, wani lokaci da ɗan zafi. Ki wanke da sabulu da ruwa sosai, kar ki dirza da dutse, launin zai tafi da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Amma in wurin ya kumbura, ya tashi ƙuraje masu ruwa, ko yatsan ya yi sanyi ba ya jin taɓi, asibiti kawai. Kuma a riƙa kakkaɓe takalmi kafin a sa.

Na gani a WhatsApp wai Turawa sun gano ruwan ƙadandoniya yana kashe ƙwayoyin cuta. Mahaifinmu yana da ciwon suga da gyambo a ƙafa wata uku ya ƙi warkewa, wani ya ce mu daka ta mu shafa.

Don girman Allah ɗan'uwa kada ku yi. Wallahi irin wannan saƙon na WhatsApp shi ke tayar min da hankali, don an ɗauko rabin gaskiya ne aka yar da rabin. Eh, masu bincike sun tatsi ruwan wasu nau'ikan ƙadandoniya sun ɗiga a kan bakteriya da fungas a cikin faranti a ɗakin gwaji, sun ga yana hana su yaɗuwa. Har ma an ga birai a Benezuwela da wasu dabbobi a Madagaska suna goga ta a gashinsu, ana ganin don korar sauro da ƙwari ne. Duk wannan haka ne. To amma abin da ya kashe ƙwayar cuta a faranti ba shi ne magani ba, ai Hypo ma tana kashewa, wa ya taɓa zuba ta a kan ciwo? Sinadarin da ke kashe bakteriyar shi ne dai yake ƙona fata lafiyayya, ina ga naman da yake a buɗe. Wasu nau'ikan ma sayanayid suke fitarwa, guba ce sananniya, kuma kai ba za ka iya bambance wacce ka ɗauko a bayan gida ba. Ga shi kuma a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye take rayuwa, kenan datti da ƙwayoyin tetanus za ku cusa a ciwon da hannunku.

Ko maganin penicillin da aka gano a 1928 sai da aka shafe sama da shekara goma ana tacewa ana gwaji kafin a fara ba majiyyata, ita kuwa ƙadandoniya babu wani magani da aka yarda da shi daga jikinta.

Sannan abin da ya fi damuna shi ne Baba mai suga ne. Masu suga jijiyoyin ƙafarsu kan mutu, sai abu ya yi ta cin naman ba su ji zafi ba, jini kuma ba ya isa ƙafar yadda ya kamata shi ya sa gyambon ya ƙi rufewa. Na sani kuɗin asibiti ne ke sa mutane komawa irin wannan, amma wankin ciwo da daidaita suga ya fi yanke ƙafa arha nesa ba kusa ba. Ku kai shi cikin satin nan a auna suga, a wanke, a duba ko ya kai ƙashi. In akwai zazzaɓi, wari, ko baƙi ya fara zagaye wurin, yau ɗin nan za ku tafi ba gobe ba.

'Yata ta yi wasa da ƙadandoniya ta murza ido, idon ya yi ja tana kuka.

Wannan na gaggawa ne Hajiya. Ki zuba ruwa mai tsabta a idon a hankali minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, ki wanke mata hannu, sai asibitin ido. Ba nono, ba kwalli, ba ruwan gishiri da kika haɗa, don ruwan ƙadandoniyar yana iya ƙona baƙin idon. Ko jan ya ragu a kai ta a duba.

Ya zan hana su shigowa ɗaki?

Laima suke bi. A share tarin ganye da shara daga jikin bango, a toshe ƙasan ƙofa, wacce ta shigo a kwashe ta da tsintsiya da abin kwasar shara.