Amsa kan kayan banɗaki da suka iso a fashe

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka kawo shi ne ka sayo tayil da masai na zama da besin daga Legas don gyaran banɗaki, mota ta sauke maka a Kano, ka tarar wasu sun farfashe. Mai shago ya ce laifin direba ne, direba kuma ya ce haka aka loda masa. Allah ya mayar da alheri.

Kafin komai, dakatar da mai sa tayil da fulamba. Duk abin da ya taɓa siminti ya zama naka, babu ɗan kasuwar da zai karɓi tayil ɗin da aka ɓamɓaro daga bango. Kada kuma ka bari yara su kwashe kwalayen ko a zubar da fasassun, su ne shaidarka.

Buɗe kowane katan, ba na sama kaɗai ba. Ɗaga tayil ɗaya-ɗaya da yatsu biyu, ka ƙwanƙwasa shi da bayan cokali. Lafiyayye zai ba da ƙara mai zaƙi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa ƙararsa a dushe take. Ka raba su kashi uku: lafiyayyu, waɗanda gefe ko kusurwa ce kawai ta ɓantare, da waɗanda suka rabe ko suke da tsaga a tsakiya. Rubuta adadin kowane kashi, ka ɗauki hoto yadda rubutun jikin kwalin zai fito.

Yanayin fashewar ma yana nuna inda ɓarnar ta faru. Idan duk tayil ɗin cikin katan kusurwa ɗaya suka karye, jefar da shi aka yi, aikin 'yan dako ne wurin lodi ko saukewa. Idan a tsakiya suka dare, musamman katan na ƙasa, to a kwance aka jera su aka ɗora musu nauyi. Tayil a tsaye yake tafiya, kan gefensa, a matse da juna yadda ba zai yi wasa ba in mota ta faɗa rami. Idan kuwa kwalin lafiya lau amma tayil ɗin ya lanƙwashe ko fuskarsa na da zane-zane sirara kamar gashi, wannan daga kamfani ne, direba ba ruwansa.

Sai maganar wa zai biya. Tambaya ɗaya ce: wa ya samo motar? In mai shago ne ya karɓi kuɗin mota ya ce zai kawo maka har gida, da shi za ka yi magana, shi ya san yadda zai ƙare da direbansa. In kai ka ɗauko direban, mai shago ya fita tun da aka gama lodi, sai dai aibin kamfani. Nan sai ka je tashar da motar take lodi, ka samu shugabannin ƙungiyar direbobi da hotunanka da rasit. Shi ma mai shago, in ya ƙi sauraro, shugabannin kasuwarsu sun fi saurin warware irin wannan. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, amma a kan katan biyu ko uku wahalar ta fi kuɗin. Ka kuma sassauta buri: tayil biyu ko uku da suka ɓantare a doguwar tafiya irin ta Legas zuwa Kano ba abin faɗa ba ne, katan guda cur da masai su ne abin nema.

Kashi na biyu, wato masu ɓantararren gefe ko kusurwa, ba asara ba ne. A banɗaki mai faɗin mita 2 da mita 1.8, tsayin bango mita 2.4, in ka cire ƙofa bangon zai ci kusan murabba'in mita 16 da rabi. Tayil mai 25 da 40 yawanci guda 15 ne a katan, wato murabba'in mita 1.5, ka ga katan 11 ke nan da 'yan kai, da rarar kashi 10 cikin 100 ya zama 13. A irin wannan ɗaki kusan kowace kusurwa sai an yi yanka, haka gefen ƙofa da taga da wurin fayif. Ka ware masu ɓantararren gefe ka ba mai aikin, ka ce da su zai yi yanka. In ba ka faɗa masa ba, sabo zai ɗauko ya yanke, don ya fi masa sauƙi. Mai tsaga a tsakiya dai kada ya shiga ƙasa ko bangon wurin wanka, ruwa zai bi ta nan ya shiga ƙarƙashi.

Inda mutane suka fi shan wuya shi ne wajen ciko. A jikin kwali akwai lambar gashi, wato ta rukunin da aka gasa tare a kamfani, da lambar launi. Tayil iri ɗaya, suna ɗaya, in ba gashi ɗaya ba ne, launin kan ɗan saɓa, wani lokaci har girman ya bambanta da milimita ɗaya ko biyu, layi ya ƙi haɗuwa. Tura wa mai shago hoton lambar yau-yau ya ajiye maka kafin ta ƙare. In za ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa, tafi da tayil guda da kwalinsa, ka haɗa su a hasken rana, ba a cikin shago ba. In ba a samu daidai ba, ka ware wa sabon tayil ɗin bango guda shi kaɗai, ko bayan ƙofa. Kada a cakuɗa su a bango ɗaya.

Masai kuwa babu sassauci. Ɗora shi kan busasshen kwali, ka zuba ruwa da ɗan bula har ya cika lanƙwasar ciki, ka goge wajen tas, ka bar shi ya kwana. Tankin ma toshe ramukansa ka cika shi. Da safe bi jikinsu da farar takarda, musamman gindin masan, bakin da ke haɗuwa da fayif, da kewayen ramukan noti na tanki. In shuɗi ya fito, a canza. Wani zai ce maka a shafa gam ko silikon. Kada ka yarda: tsagar tangaran ƙaruwa take yi da nauyi, ga yoyo da wari, kuma in ya dare da mutum a kai yankansa mummuna ne. Besin da ya ɗan ɓantare ta bayan da zai manne da bango ana iya amfani da shi in an rage maka kuɗi, amma ban da tsaga kusa da ramin famfo ko na magudana. In akwai gilashin wurin wanka, duba gefunansa da kyau. Irin gasasshen nan ba ya yankuwa, kuma wanda gefensa ya ɓantare yana iya tarwatsewa daga baya ba tare da an taɓa shi ba.

Idan za a aiko da cikon, ka ce a bar masai a kwalinsa da kumfarsa, a sa shi a sama, ba kusa da rodi ko buhunan siminti ba, a rufe da tamfol. Riƙe wani abu daga kuɗin motar sai an sauke. Ka tsaya da kanka, wani yana ɗaukar bidiyo tun daga buɗe mota, kuma duk abin da ya fashe a rubuta shi a takardar kayan, direba ya sa hannu kafin kai ka sa naka.