Me ya sa Turawa suka kafa hedikwata a Zungeru, kuma me ya tashe su?

Kogi ne ya kai su, ɗan'uwa. Zungeru tana bakin Kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Wushishi ta Jihar Neja, arewa maso yamma da Minna. Ƙauye ce ƙarama mai suna Dungurum kafin Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya taso daga Jebba a 1902 ya mai da ita hedikwatar Arewa.

Lokacin babu layin dogo a Arewa, kaya sai ta ruwa: daga Lakwaja a bi Kogin Kwara, a shigo Kogin Kaduna. Matsalar ita ce duwatsu sun tare kogin kafin Zungeru, jirgi ba ya ƙarasawa. Dole aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Barijuko, inda ake sauke kaya. Da rani kuwa ruwa ya janye, sufuri ya yi wuya ƙwarai.

Ga zafi, ga sauro. Da jirgin ƙasa ya isa Kano, amfanin kogin ya ƙare, aka koma Kaduna a 1917. Har gadar ƙafa ta Lugga aka kwance aka kai can.

A Zungeru aka haifi Azikiwe a 1904, Ojukwu kuma a 1933.