Zan iya haɗa akwatin daidaita eriya da hannuna?

Tambaya: Na samu lasisin rediyon masu sha'awa, na ja waya mai tsawon mita 15 daga tagata zuwa darbejiyar tsakar gida. Da zarar na fara watsawa a zangon rediyo da ake kira mita 40, sai na'urar watsawar ta rage ƙarfinta da kanta. An ce in sayi akwatin daidaita eriya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina.

Amsa: Malam, za ka iya, kuma ba ya cin kuɗi. Na'urarka an ƙera ta ne don ta ga om 50 (ma'aunin turjiyar wutar lantarki) a bakin eriya. Wayarka ba ta ba ta haka, sai wani ɓangare na wutar ya dawo mata, ita kuwa ta ja baya don kada ta ƙone.

Abu biyu kake buƙata: naɗin waya da kafasita mai juyawa. Samu bututun roba mai faɗin santimita 5, ka naɗa masa wayar jan ƙarfe zagaye 30, da ɗan rata tsakaninsu. Kankare rufin wayar duk bayan zagaye biyu, inda ɗan maƙalin ƙarfe zai kama. Kafasitar kuwa, je wurin tsofaffin masu gyaran rediyo, ka nemi irin ta da, mai faranta da ke shiga juna, mai girman wajen pikofarad 365 (ma'aunin kafasita ke nan). Ƙaramar ta roba ta isa idan wat 5 kake fitarwa. Da wat 100 tartsatsi za ta yi.

Naɗin ya shiga tsakanin na'ura da eriya, kafasita kuma daga ɓangaren eriya zuwa mahaɗin ƙasa na akwatin. Kada ka raina wannan ƙasar, nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Shimfiɗa wata waya mai mita 10 a dandamali, ka haɗa ta da wannan mahaɗin, ta zama abokiyar eriyar, in ba haka ba makirfo zai riƙa tsikarin leɓenka.

Wajen saiti, fara da kunne: matsar da maƙalin, juya kafasita, har hayaniyar zangon ta ƙaru. Sannan ka watsa da ƙaramin ƙarfi, idonka a kan mitar SWR, mai nuna yawan wutar da ke dawowa, har allura ta sauka ƙasa da 1.5.

Ka sani dai, na'urarka akwatin yake lallaɓawa, bai ƙara wa wayar tsawo ko tashi sama ba, don haka ɗaga ta iyakar iyawarka. Da hunturu kuma, ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara wuta a doguwar waya. In ka gama aiki, cire ta ka haɗa da ƙasa.